Kallon Bikin Glastonbury a Talabijin: Yadda Ake Shiryawa da Abin da Ke Raba Kan Masu Kallo

A ƙarshen watan Yuni mutum kusan 200,000 ne ke taruwa a gonar Worthy da ke ƙauyen Pilton, a yankin Somerset na kudu maso yammacin Ingila, don bikin kaɗe-kaɗe na Glastonbury. Wani manomi mai kiwon shanun madara, Michael Eavis, ya fara shi a 1970, lokacin kuɗin shiga fam ɗaya ne har da madara kyauta. Tikitin 2025 kuwa ya kai fam 378.50, kuma bai yi awa ɗaya a kasuwa ba ya ƙare. Saboda haka mafi yawan masu son bikin a gida suke kallonsa. Daren da Elton John ya rufe bikin 2023, sama da mutum miliyan 7 ne suka kalla a tashar BBC One.

Kowace shekara kuma gardama iri ɗaya ce ke tashi. Wanda ke gida ya ce muryar mawaƙi ta mutu, wanda ke filin ya rantse bai taɓa jin wasa mai daɗinsa ba. Sau da yawa dukansu gaskiya suka faɗa, domin ba sauti ɗaya ya shiga kunnensu ba. Mai kallon da ya san yadda ake haɗa abin da ke iso masa, ya kuma gyara nasa kayan, shi ne zai iya raba laifin mawaƙi da laifin injiniya da laifin talabijin ɗin ɗakinsa.

Fara da tabbatar da cewa akwai bikin, kuma kana da hanyar kallo

Ba kowace shekara ake yi ba. Bayan 'yan shekaru ana barin gonar ta huta, kamar yadda aka yi a 2012 da 2018, kuma 2026 ma shekarar hutu ce, sai 2027. A 2020 da 2021 annobar korona ce ta hana taruwa. A irin waɗannan shekaru abin da za ka samu tsofaffin wasanni ne da ake maimaitawa.

BBC ce ke riƙe da nuna bikin tun 1997. Ga mazaunin Birtaniya hanya biyu ce: tashoshin BBC One, BBC Two da BBC Four, ko iPlayer, manhajar BBC ta kallo ta intanet, inda ake nuna manyan dandamali biyar kai tsaye, kowanne da layinsa, wato tasharsa ta daban. Duka biyun sai da lasisin talabijin na ƙasar, wanda a Afrilun 2025 kuɗinsa ya kai fam 174.50 a shekara. Yawancin wasannin suna zama a iPlayer kwana 30 bayan bikin.

Ga wanda ke Kano ko Maraɗi ko Kumasi, lamarin ya fi ƙunci. iPlayer ba ya buɗuwa a wajen Birtaniya, kuma tashar labarai ta BBC da ake kamawa a dish ba ita ke nuna wasannin ba. Abin da ke samuwa ga kowa shi ne shafin BBC Music a YouTube, inda ake ɗora waƙoƙi ɗaiɗai daga wasanni da yawa tun bikin na gudana. A 2024 an nuna wasan Dua Lipa da na Coldplay kai tsaye ga duk duniya a shafin BBC.com, don haka yana da kyau a duba sanarwar BBC mako guda kafin bikin a ga ko akwai irin wannan. Masu shiga iPlayer da VPN suna karya ƙa'idar BBC ne, kuma manhajar na yawan ganewa ta toshe su, galibi a lokacin da aka fi buƙatarta. Shafukan da ke iƙirarin nuna bikin kyauta idan ka saka lambar katin banki kuwa, a guje su baki ɗaya.

Tsara jadawalinka kafin Juma'a

Ana buɗe ƙofa ranar Laraba, amma manyan wasanni daga Juma'a zuwa Lahadi ne. Cikakken jadawali mai sa'o'i yana fitowa makonni kaɗan kafin bikin. A watan Yuni agogon Birtaniya daidai yake da na Najeriya, Nijar, Kamaru da Chadi, ba sai an yi lissafi ba. Wanda ke Gana ya rage awa ɗaya, wanda ke Sudan ya ƙara ɗaya.

Dandamali biyar da ake nunawa halinsu ya bambanta. Pyramid shi ne babba, nan fitattun mawaƙa ke rufe dare, yawanci tsakanin ƙarfe 9:30 da 11:45. Other Stage na biye da shi a girma. West Holts ya fi karkata ga jaz, rege, hip-hop da kiɗan sassan duniya. Woodsies, wanda kafin 2023 ake kira dandamalin John Peel, cikin babban tanti yake, shi ya sa haskensa ke fita da kyau a allo ko da rana tsaka. The Park ƙarami ne, kuma nan ake yawan samun wasan ba-zata.

Ɗauki takarda ka rubuta wasa uku ko huɗu a kowace rana waɗanda ba ka son su wuce ka, sauran ka bar wa maimaici. Karo dole ne, domin manyan wasannin dare duk lokaci ɗaya suke farawa. A 2023 Wizkid na kan Other Stage daren Juma'a daidai lokacin da Arctic Monkeys ke kan Pyramid. A irin wannan yanayi, kalli wanda ka fi so a yi hirarsa da kai washegari, ɗayan ka same shi da safe. Masu bin mawaƙan Najeriya su riƙa duba layin rana ma: a 2024 Femi Kuti da Ayra Starr sun hau Pyramid ranar Asabar da rana, Burna Boy kuma ya hau ranar Lahadi kafin SZA. Dangantakar ta daɗe, don Fela Kuti ya yi wasa a bikin tun 1984.

Kada ka manta da la'asar ɗin Lahadi, wajen ƙarfe huɗu, lokacin da ake ba tsofaffin taurari. Dolly Parton ta yi shi a 2014, Diana Ross a 2022, Shania Twain a 2024, Rod Stewart a 2025. Taron da ke fitowa a wannan lokaci yakan yi gogayya da na dare.

Lissafin data da wuta

Lissafin data ba shi da wuya. Kowane megabit ɗaya a daƙiƙa yana cin megabayit 450 a awa. Hoto mai kyau da ke gudu a megabit 5 zai ci gigabayit biyu da kwata a awa, wato dare ɗaya na awa biyar ya haura gigabayit 11. Idan ka sauke ingancin hoto zuwa 480p, abin yakan tsaya wajen rabin gigabayit zuwa megabayit 700 a awa. Hoton UHD, wato mai matuƙar inganci, da ake yi wa Pyramid yana son layin da ya haura megabit 20 kuma ba ya rawa, wanda ke nufin aƙalla gigabayit 9 a awa. Wanda ke kan datar waya ya ajiye wannan gefe.

Kada ka bar ingancin hoto a kan zaɓin atomatik idan layinka na hawa da sauka. Kafe shi a mataki ɗaya ƙasa da abin da layin ke iya ɗauka. Hoton 720p da ba ya tsayawa ya fi 1080p da ke sandarewa a tsakiyar waƙa. Idan talabijin ɗin na da ramin wayar intanet, haɗa shi da na'urar Wi-Fi kai tsaye da waya, ka kuma kashe sabunta manhajoji a wayoyin gidan na wannan dare.

Ta fuskar wuta, talabijin mai inci 43 yakan ci wat 60 zuwa 100, na'urar Wi-Fi wajen wat 10, ƙaramar lasifika wat 30. A ce wat 140 gaba ɗaya, awa biyar ta zama wat-awa 700. Batirin inbata mai bolt 12 da amfiya-awa 100 yana ɗauke da wat-awa 1,200 a takarda, amma irin mai ruwa ba a so a zuƙe shi ƙasa da rabi, ka ga ke nan ba zai kai ka ƙarshen dare ba. Mai amfiya-awa 200 zai kai. Ƙarshen Yuni damina ce, hadari ɗaya na iya tafiya da wuta da sabis tare, don haka a cika batir tun da rana.

Sauti, inda yawancin rigimar take

Kowane makirufo da ke kan dandamali ana raba siginarsa gida uku. Kashi ɗaya na zuwa wurin injiniyan da ke zaune a tsakiyar taro, shi ke haɗa abin da manyan lasifiku ke fitarwa ga mutanen fili. Na biyu na zuwa wurin mai haɗa abin da mawaƙan ke ji a 'yar na'urar kunnensu. Na uku na tafiya motar watsa shirye-shirye a bayan dandamali, inda wani injiniya daban ke haɗa abin da mai kallon gida zai ji. Injiniyan fili sau da yawa ya yi watanni yana yawo da mawaƙin, ya san inda muryarsa ke rauni. Na mota kuwa yana iya samun 'yan mintoci kawai tsakanin wasa da wasa, shi ya sa waƙar farko da ta biyu suka fi yawan fitowa a birkice kafin abubuwa su daidaita. Kada ka yanke hukunci kafin waƙa ta uku.

A fili, ƙarfin sauti na dukan ƙirji, iska na gauraya shi, dubban mutane na rera waƙar tare, duk wannan yana rufe ƙananan kurakurai. A gida muryar tana zuwa tsirara daga makirufon da ke manne da bakin mawaƙi, har numfashinsa ana ji. Kamar tuwo ne aka miƙo maka ba miya, dole ka ji kowane gudaji. Wannan ne ya sa wasan Diana Ross a 2022 da na Guns N' Roses a 2023 suka sha suka daga masu kallon gida fiye da yadda suka sha daga waɗanda ke wurin. Idan kuma na'urar kunnen mawaƙi ta samu matsala, ba ya jin kansa, sai ya riƙa kaucewa kiɗa. Alamar ita ce ka ga yana ta taɓa kunne, ko ya zare na'urar, ko yana nuna wa wani a gefen dandamali yatsa sama, ma'ana a ƙara masa.

Ga gyaran da ke hannunka. Lasifikar cikin siraran talabijin ƙanana ne kuma ƙasa ko baya suke kallo, ba sa fitar da ƙasan sauti, sai ganga ta koma kamar ana buga kwali. Haɗa lasifikar waje ta ramin HDMI mai alamar ARC, ko ta wayar haske, ko ka sa babban abin kunne mai waya, wanda shi ne mafi arha kuma mafi tsabta. Bayan haka shiga saitin sauti ka kashe abubuwa uku: mai daidaita ƙarar sauti da kansa, yanayin dare, da mai ƙara fito da magana. An yi su ne don labarai da fim. A kan kiɗa suna matse sautin, duk lokacin da ganga ta buga sai komai ya nutse ya sake tasowa. Zaɓi yanayin kiɗa ko na asali, ka kashe sautin kewaye na bogi tunda abin da ake aikowa sitiriyo ne.

Idan ka ga sautin ya yi ƙasa idan aka kwatanta da bidiyon YouTube, ba lalacewa ba ce. Tashoshin Turai na bin ma'aunin ƙara da ya fi na intanet sanyi, don a bar wa wurare masu ƙarfi sarari. Ƙara murya kawai.

Zargin motsa baki

Ba shekarar da ba a zargi wani da motsa baki a kan faifai ba. An yi wa Dolly Parton a 2014, ta kuma musanta. Kafin ka shiga sahun masu zargi, yi gwaji ɗaya: dubi mai ganga. Idan sandarsa na sauka kafin ka ji bugun, ko bayansa, to duka sautin ne ya rabu da hoto, matsalar kuma galibi a ɗakinka take. Lasifikar Bluetooth takan jinkirta sauti da kashi ɗaya zuwa uku cikin goma na daƙiƙa, wanda ya isa ya sa baki da murya su saɓa. Koma waya, ko ka nemi saitin jinkirin sauti ka motsa shi kaɗan-kaɗan har sanda da bugu su haɗu. Idan ta intanet kake kallo, fita daga layin ka sake shiga, sau da yawa wannan kaɗai ya wadatar.

Idan ganga ta yi daidai amma bakin mawaƙi bai yi ba, sai a duba abu na gaba. Mawaƙan zamani da yawa suna hawa da faifan rakiya mai ɗauke da muryoyin amshi da wasu kayan kiɗa, su kuma suna rera tasu a kai. Wannan daban yake da motsa baki. Mai rerawa da gaske za ka ji ƙarar muryarsa na sauyawa idan ya matsar da makirufo, za ka ji haki bayan rawa, kuma maganarsa da taro tana fitowa da irin sautin da waƙar ke fitowa. Inda murya ta ci gaba sumul alhali makirufo na can ƙasa wajen cinya, a nan faifai ne ke aiki, aƙalla a wannan gaɓar.

Hoto

Cire talabijin daga yanayin da aka rubuta Vivid ko Dynamic, domin fitilun dandamali masu ja da shuɗi suna cika allon har fuska ta ɓace. Yanayin sinima ko na asali ya fi. Kashe mai santsin motsi, wanda LG ke kira TruMotion, Sony kuma MotionFlow. Idan aka saki ƙananan takardu masu launi a sama ko fitilu suka fara walƙiya, hoto kan farfashe ya zama ƙananan murabba'ai na 'yan daƙiƙu. Yawan motsin ne ya fi ƙarfin layin, zai koma da kansa. Wannan walƙiyar tana iya tayar wa mai farfaɗiya ciwo, a kula idan akwai shi a ɗakin.

A Somerset rana ba ta faɗuwa sai wajen tara da rabi a wannan lokaci, don haka duk wanda ya hau dandamalin waje kafin nan ba shi da taimakon fitilu. Wasansa kan yi kamar ba armashi a allo, ba don ya gaza ba. Dogayen tutocin da mutane ke ɗagawa kuma suna tare kyamarorin nesa, abin da masu kallon gida da na fili suka haɗu a kan ƙorafinsa.

Abin da aka nuna maka da abin da aka ɓoye

Tashoshin BBC One da BBC Two zaɓi suke yi. Sukan yanke wasa a tsakiya su koma wurin masu gabatarwa, ko su sa hira, ko su nuna abin da aka naɗa awa biyu da suka wuce. Masu son kiɗa zalla sun fi kowa jin haushin wannan, kuma suna da hujja. Maganinsa shi ne layin dandamali a iPlayer, inda ba mai katse maka sai lokacin sauya kaya. Masu son a zaɓar musu, su ga ɗan wannan da ɗan wancan, tashoshin sun fi musu.

Wani lokaci kuma ba laifin tasha ba ne. Mawaƙi na da ikon hana a nuna wasansa, ko ya yarda da wasu waƙoƙi kawai. Wasan David Bowie na 2000 ɗan kaɗan aka nuna daga cikinsa a lokacin, cikakkensa bai fito ba sai 2018. Na Paul McCartney a 2022 an jinkirta shi kusan awa ɗaya kafin a sa a talabijin. Wani lokacin dokar fili ce: Lana Del Rey ta makara a 2023, ƙarfe goma sha biyun dare na cika aka kashe mata makirufo. Akwai kuma hukuncin editoci. A 2025 BBC ta ƙi nuna wasan ƙungiyar hip-hop ta Kneecap kai tsaye, ta nuna na ƙungiyar Bob Vylan wadda ta ja taro suna rera taken adawa da sojojin Isra'ila, daga baya ta ce bai kamata ta bar shi ya ci gaba a layi ba. Ra'ayin masu kallo ya rabu sosai a kan duka matakan biyu.

Girman taro ma a yi hattara da shi. Kyamarar da ke kan dogon ƙarfe tana iya nuna gaban dandamali a cike alhali baya fili ne, ko ta nuna gefen da ya yi sako-sako. An yi ta magana kan ƙarancin mutane a wasan SZA a 2024, amma daren Lahadi mutane da yawa sun fara haɗa kaya, wasu kuma suna wasu dandamalin. Yawan kai a hoto ba ya auna kyan wasa. Tsohuwar gardamar wa ya cancanci Pyramid kuwa tana nan tun 2008, lokacin da Noel Gallagher na ƙungiyar Oasis ya soki gayyatar mawaƙin hip-hop Jay-Z, kuma ta sake tashi a kan Kanye West a 2015.

Idan da jama'a za a kalla

Layin intanet yana bayan tashar talabijin da rabin minti zuwa minti ɗaya, wani lokaci fiye. Idan ana sa ran baƙon ba-zata, a kife wayoyi, in ba haka ba wani zai karanta a X ya faɗa kafin a gani. Kada a kunna rediyo don sauti a bar hoto a intanet, ba za su taɓa haɗuwa ba.

Layukan kai tsaye ba a tace su. Akwai ashar, akwai shigar da ba kowane gida zai yarda yara su gani ba, a kan dandamali da cikin taro. Tashoshin Birtaniya suna sassauta tacewa ne daga ƙarfe tara na dare, amma layin dandamali gargaɗi kawai yake sawa ko da rana. Inda akwai yara ko manya da ake jin nauyi, hanya mafi sauƙi ita ce mutum ɗaya ya fara kallon maimaicin, ya ware wasannin da suka dace, a kalla tare washegari. Ana kuma iya tsayar da layin iPlayer a je a yi sallah a dawo a ci gaba daga inda aka tsaya, sai dai daga nan ka koma bayan kowa, don haka wayar ta ci gaba da zama a kife har wasan ya ƙare.